Kura da Shan Bugu, Gardi da Kwashe Kuɗi: Dokar Haƙƙin Mallaka Ta Iso Nasarawo Kuwa?

A bakin layinmu da ke Nasarawo, nan cikin garin Gombe, akwai wata 'yar rumfar kwano da ba ta rabo da jama'a tun daga la'asar har bayan isha'i. Sana'ar mai rumfar biyu ce, cajin waya da tura fina-finai. Tebur ɗaya ne da benci ɗaya, igiyoyin caji sun sarƙe kamar saiwar gamji, ga wata tsohuwar kwamfuta da aka ɗaure murfinta da salatif. Yara kan zo da waya a hannu, an aiko su daga cikin gida: "Wai in ji Goggo a sa mata ci gaban na jiya, da Indiya-Hausa guda biyu." Kafin yaro ya gama leƙen abin da ke kan allon kwamfutar an cika masa memori. Ya miƙa 'yan canji, ya ruga gida.

Ran nan ina zaune a bencin ina jiran wayata ta ɗauki caji, sai na ce da mai rumfar, "Samari, cikin kuɗin nan da kake karɓa, nawa ne rabon waɗanda suka yi fim ɗin?" Ya dube ni kamar na tambaye shi kuɗin iskar da yake shaƙa. "Haba Baba, ai ni ma da datata na sauke. Kuma ni ban fasa shagon kowa ba." Na ce ko ya taɓa jin hukumar da ake kira NCC? Ya ce, "Ƙwarai, ta masu layin waya ko?" Bai yi ƙarya ba, akwai waccan. Amma akwai wata NCC ɗin, Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Ƙasa, wadda sana'arsa kacokan ke ƙarƙashin dokarta, ta kuma girme shi nesa ba kusa ba, shi kuwa bai taɓa jin labarinta ba.

Wannan 'yar hira ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ana ta muhawara a kan ko Najeriya ta ci gaba wajen yaƙi da satar fasaha. Masu cewa an ci gaba suna nuna sabuwar doka da samamen da ake kaiwa kasuwanni. Masu cewa ba a yi komai ba suna nuna irin rumfar layinmu. Bari in faɗi matsayina tun da wuri, kada mai karatu ya yi ta lalube. An ci gaba, kuma ci gaba na gaske, a takarda da cikin ofis. Sai dai ma'aunin da na yarda da shi guda ɗaya ne: shin gumin mai fasaha yana komawa aljihunsa? Idan da wannan mudu aka auna, to har yanzu kura ce ke shan bugu, gardi na kwashe kuɗi. Kuma ina da ra'ayin cewa kame yaron rumfa ba zai gyara komai ba. Abin da zai gyara shi ne a mai da shi dillalin halal, a bi manyan ɓarayi da sanda, mu kuma masu kallo da karatu mu daina yi wa sata kwalliya da suna mai daɗi.

Yabon gwani ya zama dole, don haka bari in fara da abin da aka yi. A 1988, zamanin Janar Ibrahim Babangida, aka kafa dokar soja mai lamba 47, wadda ta haifar da hukumar a 1989. A 1993 Najeriya ta shiga yarjejeniyar Bern, wadda ƙasashe suka ƙulla tun 1886 domin kowace ta kare aikin marubutan 'yar'uwarta. A 2005 hukumar ta ƙaddamar da wani shirin yaƙi da satar fasaha da ta kira STRAP. A Oktoban 2017 ƙasar ta amince da yarjejeniyoyi huɗu na hukumar WIPO ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ciki har da ta Marakesh, wadda ta buɗe ƙofar mai da littattafai zuwa sigar da makafi za su iya karantawa. Sai kuma babbar, ranar 17 ga Maris, 2023, lokacin da marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022.

Duk wanda ya aza tsohuwar doka da sabuwa gefe da gefe zai ga bambanci. A tsohuwar, wanda aka kama yana sayar da kwafen sata tararsa naira 100 ce a kan kowane kwafi, ko ɗaurin da bai wuce shekara biyu ba. Naira ɗari! Ai wannan kuɗin shiga kasuwa ne. A sabuwar, tara ta koma aƙalla naira 10,000 a kan kowane kwafi, ɗaurin mai bugawa ko mai shigowa da kayan sata kuma ba ya gaza shekara biyar. Tsohuwar doka an rubuta ta ne a zamanin kaset, ba ta san intanet ba. Sabuwar ta ba mai haƙƙi damar aika wa kamfanin da ke ɗauke da shafi takardar ƙorafi a sauke kayansa, ta ba hukumar ikon toshe shafin da ke raba kayan sata, ta kuma haramta fasa makullin da ake sa wa fim ko littafi don hana kwafa. Hukumar, ƙarƙashin John Asein da ke jagorantarta tun 2019, tana kai samame shagunan littattafai da ɗab'i, tana tare kwantenonin littattafan jabu a tashoshin jiragen ruwa. A 2025 ta haɗa kai da hukumar da ke rajistar adireshin intanet na Najeriya aka rufe shafin MovieBox.ng. Wanda ya ce wannan ba komai ba ne, bai yi adalci ba.

To amma ina tambaya: daga 2023 zuwa yau, me ya sauya a rumfar layinmu? Me ya sauya a aljihun mai shirya fim a Kano, ko mawaƙin da ke ɗaukar waƙa a wani ɗan sutudiyo a Jekadafari, ko marubuciyar da ke buga labari da babban yatsa a kan waya tana goye da yaro?

Kafin a amsa, sai an tuna yadda aka faro. Fim ɗin Hausa na bidiyo ya soma ne da Turmin Danya, na ƙungiyar Tumbin Giwa, a 1990. Zuwa 1999, shekarar Sangaya, har sana'ar ta yi suna: Sunusi Shehu Daneji ya laƙaba mata Kannywood a mujallar Tauraruwa. Cibiyar cinikin kuwa ita ce kasuwar Ƙofar Wambai da Bata a Kano. Ga abin da 'yan fim da yawa ba sa son a tuna: hanyar da kasetin Hausa ya bi ya isa Gombe da Yola da Maraɗi da Agadas, tsohuwar hanya ce da dillalai suka share tun da farko domin rarraba kwafen fina-finan Indiya da na Amurka da na Sin, waɗanda ba a nemi izinin kowa ba kafin a kwafa. Injinan kwafa, da masu buga kwali, da 'yan sari, da amanar bashi tsakanin ɗan kasuwar Kano da na Gombe, duk sun riga fim ɗin Hausa zuwa. Wani masani ɗan Amurka, Brian Larkin, ya yi bayanin wannan dalla-dalla a littafinsa Signal and Noise na 2008. Wato dai satar fasaha ce ungozomar da ta karɓi haihuwar Kannywood. Daga baya ungozomar ta juyo tana neman cinye jaririn.

A zamanin kaset da faifan CD, furodusa na da abin riƙewa a hannu. Ya san kwali nawa ya buga, ya san nawa aka sayar, ɓarawo kuma sai ya sayi inji, ya kama ɗaki, ya yi jigilar kaya, don haka ana iya bin sawunsa. Da wayar hannu mai memori ta zo, sai kaya ya zama iska. Mutum ɗaya ya sayi faifai ɗaya, ya juye a kwamfuta, unguwa guda ta kalla. Kasuwar faifai ta mutu murus, shaguna suka koma sayar da kayan waya. 'Yan fim suka watsu neman mafita: wasu suka nufi tashar Arewa24 da ta buɗe a 2014, wasu suka gwada manhajar biya ka kalla irin Northflix, mafi yawa kuma suka koma YouTube da fina-finai masu dogon zango irin su Izzar So da Labarina. A YouTube, kuɗin talla ake ci, kuma ana lissafa shi ne da yawan waɗanda suka kalla a can. Idan mai rumfa ya sauke kashi ɗaya da daddare, ya tura wa mutum hamsin washegari, YouTube mutum ɗaya ya gani. Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da biri an sayi kare.

Wannan na nesa ne. Ga na cikin gida. Ina da 'yar ɗan'uwa da ke rubuta littattafan Hausa a waya. Ta yi wata huɗu tana rubuta wani labari, mafi yawa bayan ta kwantar da yara, wani lokaci da hasken tocila. Ta saki shafukan farko kyauta don jan hankali, sannan ta buɗe zauren WhatsApp na waɗanda suka biya naira ɗari biyar. A saman kowane shafi ta rubuta roƙo, ta haɗa mutane da Allah kada a fitar mata. Ba a yi mako guda ba ta shigo gidana idonta jawur, ta miƙo mini waya. "Bappa, duba ka gani." Littafinta ne cif, an haɗe shi wuri ɗaya, yana yawo a wani zaure mai ɗaruruwan mata, har ana yi wa wadda ta kawo shi addu'ar Allah ya saka da alheri. Bayan wata biyu kuma ta ci karo da shi a YouTube, wani yana karantawa da murya mai daɗi, talla na shigowa a tsakiya, an sauya sunan littafin, sunanta kuwa ko a fatar baki. Wanda ya karanta ya ci kuɗi, wadda ta haɗa zauren ta sha addu'a, mai ɗaukar cikin labarin ta tashi da ciwon ido.

Na ce mata doka na bayanta, kuma gaskiya na faɗa. Haƙƙin mallaka yana tabbata ne tun ranar da ta rubuta, ba sai ta yi rajista ba, ko da yake rajista da hukumar na ƙara mata ƙarfin hujja. Haƙƙin nata ne har ƙarshen ranta, ya kuma zauna ga magadanta shekara 70 bayan nan. Abubakar Imam ya rasu a 1981, ke nan littafinsa Magana Jari Ce na cikin kariyar doka har 2051. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "To Bappa, ina zan kai ƙara?" Nan bakina ya mutu. Shari'ar haƙƙin mallaka hurumin Babbar Kotun Tarayya ce kaɗai. Ba ta mai unguwa ba ce, ba ta kotun yanki ba ce, ba ta majistare ba ce. Wace mai littafin ɗari biyar ce za ta ɗauki lauya ta tsaya gaban Babbar Kotun Tarayya, tana ƙarar lambar wayar da ba ta san mai ita ba? An gina rijiya mai zurfi da ruwa mai daɗi, amma gugar sai mai hali.

Yanzu bari in juyo ga masu kare abin da ake yi, domin suna da hujjoji, kuma ba duka ne na banza ba.

Na farko su ne masu cewa talauci ne. Suna cewa a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000, aka kuma ƙara kuɗin kira da data da kusan rabi a 2025, ta yaya za a ce magidanci ya ƙona data yana kallon fim na sa'a guda a YouTube, alhali mai rumfa zai ba shi goma da kuɗin ƙosai? Na yarda da rabin maganar. Mai rumfa yana toshe wata ɓaraka ta gaske, shi ya sa nake cewa a riƙe shi, kada a kore shi. Amma a lura, mutumin nan ba kyauta yake kallo ba. Yana biya, sai dai ba mai kayan yake biya ba. Kuma wa ake cuta? Attajirin Legas? A'a. Mai riƙe fitila a wurin ɗaukar fim ne, da mai kwalliya, da tsohon ɗan wasan da muke gani ana yi masa bara a Facebook idan ciwo ya kwantar da shi. Talaka ne ke cin naman talaka, yana cewa yunwa ce ta sa. Yunwa takan sa a tausaya wa wanda ya ɗauki abin wani, amma ba ta taɓa mai da abin ya zama nasa ba.

Na biyu su ne masu cewa ai talla muke yi musu, ba don mu ba wa zai san su? Ga mawaƙi, akwai ƙanshin gaskiya a nan: waƙa ta zaga wayoyi, a gayyace shi biki ko taron siyasa, ya fanshe. Amma wane biki ake gayyatar marubuciya? Wane ɗan siyasa ne ke yi wa mai tace hoto liƙi? Har shi mawaƙin ma, mu duba inda wannan hanya ta kai shi. Wanda ba ya iya rayuwa da cinikin waƙarsa dole ya rayu da aljihun mai mulki, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Muna kukan cewa mawaƙanmu sun zama 'yan amshin shatan 'yan siyasa, mun manta mu ne muka toshe musu ɗaya ƙofar. Sannan talla, a iya sanina, mai kaya ne ke neman a yi masa. Ban taɓa jin wanda ya kwashi tumatirin wani a Babbar Kasuwar Gombe ya rabar, ya dawo yana jiran godiya ba.

Na uku sun fi nauyi, domin da addini suke magana. Suna cewa ilimi na Allah ne, ɓoye shi laifi ne, kuma wannan haƙƙin mallaka baƙon abu ne da Turawa suka kawo. Ni ba malami ba ne, amma malamai sun riga sun zauna a kan mas'alar. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, wadda ke ƙarƙashin ƙungiyar OIC, a zamanta na biyar a Kuwait cikin Disamban 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira da sunan kasuwanci haƙƙoƙi ne da shari'a ta kare, masu su na da ikon sarrafa su, ba ya halatta a keta su. Akwai malaman da suka saɓa, kuma ina girmama su. Sai dai ko a al'adarmu ta karatun zaure, ba a taɓa ɗaukar aikin marubucin da ya kwafi littafi da tawada a matsayin banza ba, ana ba shi ladansa. Ba a kuma taɓa yarda ɗalibi ya goge sunan malami ya sa nasa ba. Malamin da ya ce a yaɗa karatunsa don Allah, kyauta ya yi da abin da yake nasa, Allah ya ba shi lada. Wannan bai ba ni izinin yin sadaka da dukiyar wadda ta haɗa ni da Allah kada in fitar ba. Ita kanta dokar ta bar ƙofa ga ɗalibi da mai bincike da mai sharhi su yi amfani da wani yanki na aiki bisa adalci. Abin da ta hana shi ne kasuwanci da gumin wani. Wanda ke buga littafin makaranta na jabu, mai dusasshen rubutu da shafuka a juye, ya sayar wa uban yara da sunan na asali, wane ilimi yake yaɗawa?

Na huɗu su ne masu cewa su ma 'yan fim ɗin ai ɓarayi ne. A nan dole in sunkuyar da kai, domin in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kalmar "wankiya" ba daga waje aka kawo ta ba, cikin masana'antar aka ƙirƙire ta, don fim ɗin da aka ɗauko labarin Indiya aka sa masa hula da zani. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya daɗe yana rubutu a kan wannan. Marubuta nawa ne suka ga labarinsu a allo ba tare da an ce musu sannu ba? Fina-finan Indiya-Hausa da suka cika memorin gidajenmu, nawa ne daga ciki aka nemi izinin masu su? Laifi tudu ne. Amma ga darasin da ya kamata 'yan fim su ɗauka daga tarihin Amurka. Har zuwa 1891 dokar Amurka ba ta kare marubutan ƙasashen waje ba. Madaba'un can suna buga littattafan Charles Dickens na Ingila ba tare da biyansa ba, har ya yi ta ƙorafi a ziyararsa ta 1842. Wa ya sha wahala? Marubutan Amurka da kansu, domin littafinsu da ake biyan lada a kai ba ya iya gasa da na Ingila da aka ɗauka a banza. Shi ya sa irin su Mark Twain suka shiga sahun masu neman a gyara dokar. Haka Indiya-Hausa ta yi wa fim ɗin Hausa: kayan da ba a biya mai shi ba kullum ya fi araha. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Akwai kuma ɓangare na biyar, waɗanda ke gefena amma suka zarce ni. Su cewa suke a kwashe masu rumfa duka, a ƙwace kwamfutoci, a ɗaure goma, sauran za su shiga taitayinsu. Mu yi lissafi. Idan aka sami fim ɗari biyu a kwamfutar yaron layinmu, aka yi masa kuɗin goro na naira 10,000 kowanne, miliyan biyu ke nan, ga wanda duk jarinsa bai kai kuɗin tsohon babur ba. An bar jaki ana dukan taiki. A rufe rumfarsa yau, gobe ƙanensa ya ci gaba da turawa daga waya zuwa waya a zaure, an kuma ƙara mutum ɗaya a sahun marasa aikin yi. Ƙasar Suwidin ta ga irin wannan. Can ne gidan shafin satar fasaha na The Pirate Bay, wanda aka yanke wa masu shi hukunci a 2009. Amma can ne kuma aka buɗe manhajar sauraren waƙa ta Spotify a 2008, kuma abin da ya fi janye matasa daga satar waƙa shi ne samun hanyar halal mai sauƙi da araha. Sanda ta yi aikinta a kan manya, kasuwa ta yi nata a kan jama'a.

To mene ne abin yi? Na farko, a yi wa masu tura fina-finai rajista, gari gari, ta hannun ƙungiyarsu. Kowace rumfa ta riƙa biyan wani abu ƙayyadadde a wata, ko ta sayi sabon fim kai tsaye daga furodusa a ranar da ya fito, a ba ta shaidar da za ta liƙa a bango. Babu wani kamfanin rarraba fim a Arewa da ke da rassa ko kashi ɗaya cikin goma na rumfunan nan. Sun san abokan cinikinsu da suna, sun san abin da Goggo ke so. A Ƙofar Wambai an taɓa mai da hanyar sata ta zama hanyar ciniki; me zai hana a sake? Dokar ta riga ta tanadi ƙungiyoyin tattara kuɗin haƙƙi, akwai AVRS ta fina-finai, da MCSN ta waƙa, da REPRONIG ta littattafai. Amma 'yan fim da mawaƙa da marubutan Hausa nawa ne ke ciki? Gidajen rediyo da wuraren biki da ke kaɗa waƙoƙin Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da na Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, nawa ne ke aika wa magadansu ko sisi? Haƙƙin magada fa ba abin wasa ba ne a wurinmu.

Na biyu, hukumar ta sauko ƙasa. A fassara muhimman sassan dokar zuwa Hausa da Fulfulde, a karanta a rediyo, a buɗe lambar WhatsApp da marubuciya za ta aika ƙorafi da harshenta, a samar da zaman sulhu mai sauƙi kafin a kai ga kotu. Dora Akunyili ta karɓi NAFDAC a 2001, cikin 'yan shekaru har tsohuwa a ƙauye ta san a duba lambar hukumar a jikin kwalin magani. Da shiga rediyo da kasuwa aka yi wannan, ba da taron otal a Abuja ba. Majalisa kuma ta tuna cewa dokar tambarin kasuwanci ta 1965 ce, ta ƙirƙire-ƙirƙire kuma ta 1970, duk sun tsufa.

Na uku, masu fasaha su gyara gidansu. Dokar ta ce sayar da haƙƙi ba ya inganta sai a rubuce. A daina "ai mun yi magana" da "ai ɗan'uwa ne". Marubucin labari da furodusa, mawaƙi da mai sutudiyo, kowa ya riƙe takarda. Marubutan intanet su haɗu su koyi yadda ake aika wa YouTube ƙorafi, domin hanyar na nan kuma ba a biyan ko kwabo. Mu a Gombe muna da bakin magana a nan, tun da Ali Nuhu, wanda tushen mahaifinsa Balanga ne, shi ke shugabantar Hukumar Fina-finai ta Najeriya tun Janairun 2024. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ba shi ke da sandar kama ɓarawo ba, amma yana da kujerar da zai iya zaunar da furodusa da mai rumfa da hukumar haƙƙin mallaka a tabarma ɗaya.

Saura mu. Na koma rumfar layinmu bayan kwana biyu, na tambayi yaron ko zai yarda ya riƙa biyan wani abu a wata idan za a ba shi takardar izini da sababbin fina-finai masu kyan hoto tun ranar fitowarsu. Ya ɗan yi shiru yana juya kebul a hannu, sannan ya ce, "Baba, in dai kowa zai biya, ni ma zan biya. Wa ke son a riƙa ce masa ɓarawo?" 'Yar ɗan'uwana kuwa ta ajiye rubutu, ta koma saƙar huluna, wai ita hula ba a tura ta ta WhatsApp.

Hukuncina ke nan: Najeriya ta yi doka mai kyau, ta kuma fara nuna haƙora ga manya, amma dokar ba ta iso Nasarawo ba tukuna. Kafin ta iso, ya kai mai karatu, akwai abin da ba ya jiran hukuma. Idan aka jefo maka littafin kuɗi a zaure, kada ka buɗe, kada ka tura. Idan labarin ya ba ka sha'awa, nemi mai shi ka biya ta ɗari biyar ɗinta. Idan kana da data, kalli fim a tashar masu shi. Haƙƙi ne, kuma haƙƙin wani ba ya ɓacewa don an danne shi da yatsa a kan waya. Allah ya sa mu gyara.